Suma'ila Kuku da Karyar Kapitan

Suma'ila mutumin Zermu ne. Shekarar da fara ta cinye gero ya shigo Damagaram neman abin yi, ya faɗa gidan wani kapitan na sojan Faransa, daga ɗiban ruwa har ya zama kuku. Mutum ne mai nauyin baki. Ko gishiri ne ya ƙare, sai ya yi ta juya zancen a ransa kafin ya faɗa.

Kapitan yana da wata tsohuwar karya, Bishet, da ya zo da ita daga ƙasarsu. Da zai tafi dogon rangadi wajen Gure, ya nuna ta, ya nuna Suma'ila. Tafinta ya ce, "Wai yadda ya bar ta, haka yake so ya tarar da ita."

Wata rana Suma'ila yana cire mata kaska, hannunsa ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri a nononta na baya, kamar ƙwayar gujiya. Kafin damina ta zauna ƙullutun ya kai ƙwan zabo, wani kuma ya tsiro kusa da shi. Suma'ila ya tafi unguwar Zango wurin Ari wanzami, ya roƙe shi ya yanke.

Ari ya ce, "Askata ta kan mutane ce. In ta taɓa kare, wa zai sake zauna mini?"

Suma'ila ya dawo ya shafa wa Bishet man kaɗanya, ya ɗaura ganye. Ƙullutun ya fashe yana wari. Daga nan Bishet ta fara tari, ta ƙi nama.

Rakiya matarsa ta ce, "Malam, mu koma Zermu tun Kapitan bai dawo ba."

"In na gudu, na amsa laifi ke nan. Kuma wane dokin gardi ne bai san hanyar Zermu ba?"

Da Kapitan ya dawo ya tarar da Bishet da sauran numfashi, washegari da hantsi ta mutu. Ya ce guba aka ba ta. Gardi, dogaran Turawa, suka ɗaure hannun Suma'ila ta baya, suka tsayar da shi a rana a tsakar gida. Aka kira lokotoro, wato likitan soja, wani dattijon Bature, aka ce ya buɗe cikinta a gani. Gidan kaso kuwa ana hango shi daga nan.

Lokotoro ya fara da tumbi. Ya tsaga, ya duba, ya shinshina. Gumi yana shiga idon Suma'ila, ba halin sharewa. Yana jin kukan Rakiya a bayan katanga. Sai aka buɗe ƙirji. Huhun duk fararen ƙulle-ƙulle ne, kamar an watsa masa tsabar dawa. Lokotoro ya yanki ɗaya, ya yanki na nonon, ya jera su a tafin hannu ya miƙa gaban Kapitan. Suka daɗe suna magana da Faransanci, muryar Kapitan sama, tasa ƙasa.

Tafinta ya matso ya raɗa wa Suma'ila, "Ya ce ba guba ba ce. Ciwon nonon ne ya bi jiki har huhu. Wai yana yawan kama karya in ta tsufa, kuma tun kafin tafiya yana jikinta."

Kapitan ya tsaya yana kallon mushen. Can ya yi nuni, aka kwance igiya. Bai dubi Suma'ila ba, ya dai ce a kawo kafe, wato gahawa. Suma'ila ya shiga ya dafa, garin saukewa ya ƙona yatsa.

Da kaka ta yi ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, aka sallame shi. Ya koma Zermu ya kama noman gujiya, bai sake kwana a birni ba har ya tsufa. Sunan Kuku dai ya bi shi. Ranar Sallah yakan karɓi tukunya daga hannun Rakiya ya yi wata miyar albasa da ya koya a gidan Kapitan, maƙwabta suna turo ƙwarya a zuba musu.