Mutanen Fujer

A takardar da aka ba ni in cike don 'yata Rayyan ta sami fasfo ta shiga makaranta, akwai layin da ke tambayar garin da kakanninmu suka fito. Ko tsayawa tunani ban yi ba na rubuta Fujer, domin tun ina ɗan shekara shida na san amsar.

A unguwar Karantina ta Jidda na tashi, gidan kakata da muke kira Sitti, yadda yaran Jidda ke kiran kaka. Sana'arta haɗa turaren wuta. Da an idar da magariba sai ta fito da kaskonta tsakar gida, ta hura gawayi ta gwada haɗin ranar, mu jikoki mu kewaye ta. Mace ce mai faɗa, amma in ta fara labari har muryarta takan yi laushi.

"Yalla, ku matso. Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

"Ta zo mu ji ta, Sitti."

Kusan kullum labarin ɗaya ne. Wata yarinya ce 'yar Fujer, gari mai ruwa da ganye, ta fita bin tsuntsu ta ɓata. Ta tambayi raƙumi hanya, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ta tambayi kifi, ya ce shi ma haka. Sai wata tsohuwa ta ce mata garin nan ba a ganinsa da ido, ta rufe idonta ta bi hancinta. Ta yi ta bin ƙamshin ɗanyen ganye har goshinta ya bugi ƙofar gidansu.

Wata rana na ce, "Sitti, wai da gaske akwai Fujer?"

"Ji ƙaton kai. To daga ina muka fito? Ubana da bakinsa yake cewa mu mutanen Fujer ne, a Nijar. Ku dai riƙe sunan, ba za ku ɓata ba. Halas, ku tashi."

Ita kanta ba ta taɓa ganin garin ba, a goye aka zo da ita hajji.

Dattijon da ya karɓi takardata a ofishin jakadancin Nijar mutumin Damagaram ne. Ya daɗe yana kallon layin kafin ya ɗago.

"Ɗana, babu wannan gari a Nijar. Faransanci ne, sunan wani ganye. Akwai garin a Faransa, akwai Nasara masu sunan, har wani irin ƙamshin turare haka ake ce masa. Mahaifin kakarka me yake yi?"

"Kuku ne, an ce."

"Bon, shi ke nan. A da, masu aikin gidan Nasara da sunan maigidan ake kiransu. Sai ka nemo tsohon da ya san ainihin garinku."

Ya share abin da na rubuta, ya miƙo mini takardar, na yi godiya na fito. Sitti ta riga mu gidan gaskiya tun kafin a rushe Karantina, tsofaffin da suka san ta kuwa sun watse, wasu an mayar da su ƙasashensu, wasu sun bi ta.

Shekarata goma sha ɗaya ina tsaron shagon turare a kasuwar Bab Makka, ban taɓa kula da rubutun boko da ke jikin kwalaye ba. Ranar na duba, ga kalmar nan a jikin wata kwalba. Na fesa a bayan hannuna na shinshina, ƙamshin shagon aski ne kawai. Na sayar da kwalba biyu kafin la'asar.

Na so in ji haushin Sitti, ko na ubanta, ko in yi kuka, amma ko ɗaya bai zo mini ba. Ba ƙarya ta yi mana ba, abin da aka ba ta ta ba mu, kuma na riƙe shi yadda ta ce. Sai yanzu na lura cewa yarinyar labarin ta taɓa zama a garinsu, shi ya sa hancinta ya san abin da yake nema.

Wata huɗu ke nan takardar tana aljihuna, layin babu komai a kai. Ranar Lahadi, farkon mako a nan, aka koma makaranta, Rayyan ta tsaya a taga tana ƙirga yaran da ke wucewa.