Kazar da Ta Sha wa Inna Magani

Da igiyar shanya Inna ta fara. Wata Juma'a na zo daga Rano, inda nake koyarwa a firamare, na same ta a tsakar gidanmu na Fassi tana ɗage, jiƙaƙƙen zane a hannunta, tana ta faɗa ita kaɗai. Wai wani ya ɗaga mata igiya. Igiyar nan tun Baba yana da rai take ɗaure tsakanin darbejiya da wata ƙusa a jikin garu, in ta tsinke a sake wata a wuri ɗaya. Na tuna mata haka. Ta ce to ai ƙusar ma an ɗaga ta.

Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, je ki tambayi ƙanenki abin da na yi masa."

Ƙanena shi ke zaune a gidan da matarsa. Ya rantse bai taɓa igiya ba. Ba a jima ba ƙorafin ya yaɗu. Kantar da take ajiye man gyaɗa ta hau sama. Ragayar da take rataye ƙwarya ta hau sama. Madubin ɗakinta, wanda da yake nuna mata fuska har wuya, ya koma nuna mata goshi da ɗankwali. Tsofaffin zannuwanta suka fara jan ƙasa, ta ce sabulun zamani ne ke sa atamfa ta miƙe.

Dukanmu muna ganin abin da ke faruwa. Inna ce ke raguwa, bayanta kuma ya soma rusunawa. Amma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wa uwar da ta haife shi ta gajarce. Sai ƙanena ya ɗauki hanya mai sauƙi. Duk sanda ta tafi biki ko gaisuwar mutuwa, sai ya bi gidan da guduma ya sassauke komai kaɗan. In ta dawo ta ga abubuwa sun koma daidai, sai ta ce dama ta san in ta yi magana mai abin zai ji kunya. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har matar ƙanena, wadda doguwa ce, ta koma yin shanya a sunkuye, baƙi kuma igiya tana kama su a wuya.

A wata damina, gero ya fara fitar da kai, santsi ya ɗebe ta a bakin rijiya. Faɗuwar ba wata babba ba ce, dafa ƙasa kawai ta yi da hannun dama, amma tsintsiyar hannun ta karye. Kafin labari ya iso ni an riga an ɗora ta a babur zuwa wajen wani mai ɗori a Durba. Mutumin ya sa aka nemo kaza, wata wake-wake, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, da ba ta ko fara ƙwai ba. Ya karya mata fiffike ɗaya ya ɗaure da kara da tsumma, sannan ya yi wa hannun Inna irin wannan ɗaurin. Ya ce ranar da kaza ta warke, ita ma ta warke.

Inna ta ɗauki maganar da gaske. Kaza ta tare a ɗakinta, ƙarƙashin gado. Ana ba ta tsaki da gero a kwanon da ake fito wa baƙi da shi. Aka hana zakara kusantar ƙofar. In kazar ta yi tagumi, sai Inna ta shiga laluba jikinta tana neman inda ke mata ciwo. Kafin a girbe gero kaza ta warke sarai, ta fizge tsummanta ta haye katanga. Hannun Inna kuwa yana nan a kumbure, ko ludayi ba ya ɗauka.

Ba ta ga laifin mai ɗori ba sai a abu ɗaya. Ta ce an haɗa ta da budurwar kaza, da tsohuwa aka samo mata da sun tafi tare.

Da ƙyar na shawo kanta muka je asibiti a Rano. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta sa aka ɗauki hoton hannun, aka gyara ɗaurin, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da Inna. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kullum jiki yana ɗiba daga cikinsa yana mayarwa. Abin da ake gina shi da shi wani sinadari ne da ake kira kalsiyam, yana cikin nono da ƙananan kifin da ake taunawa da ƙashinsu da zogale da kuka da riɗi. Da ƙuruciya hanji yana tsotsar sa sosai. In mutum ya manyanta sai tsotsar ta ragu, mafi yawan abin da aka ci ya wuce kawai. Mace kuma in al'ada ta ɗauke mata ƙashinta yakan yi saurin zaizayewa. Ta ce har wanda aka ci ɗin ma ba ya shiga jiki sosai sai da taimakon wani abu da fata ke haɗawa in rana ta taɓa ta, fatar tsoho kuwa ba ta haɗa shi kamar da.

Ta tambaya ko Inna tana fita rana. Tun da Baba ya rasu, matar ƙanena kuma ta karɓi aikin gida, Inna ba ta barin ɗaki da inuwar darbejiya. Sannan likitar ta yi tambayar da muka shekara nawa muna kewaye ta.

"Hajiya, kin lura kin rage tsawo?"

Inna ta ɗago kai. Ni ta juyo ta kalla.

Muka shigo mota muka sauka a Kibiya. Muna jiran babur ta ce, kamar da kanta take, ashe ba ɗaga igiyar aka yi ba. Na ce haka ne, Inna. Sai ta ce, "To wa yake sauke ta?"

A ranar ta sa ƙanena ya mayar da komai inda Baba ya bar shi. Ta ce ba za a riƙa saukar mata da gida kamar wata yarinya ba. Daga nan hannunta bai ƙara kaiwa ga komai ba, sai dai ta kira a miƙo mata. Mun ɓoye duk wata kujera 'yar tsugunno don kar ta taka.

Magani iri biyu aka ba ta. Akwai farar ƙwaya babba kamar gutsuren alli, a sha da abinci safe da yamma, da kuma wata ƙarama da likita ta ce ita ke taya rana aikinta. Na koma Rano ina bugo waya ina tambaya ko tana shan magani. Kullum amsarta ɗaya ce: "Ana sha." Ni da nake koyar da Hausa a aji, ban taɓa tsayawa na tambayi wa ke sha ba.

Ƙwai ne ya tona asirin. Wake-waken nan ta fara ƙwai, sai matar ƙanena ta kira ni ta ce akwai abin da ba ta gane ba. In ta buga ƙwan a bakin kasko ba ya fashewa sai ta maimaita. Ɗaya ya faɗo daga kan buhu ya gangara har bakin zaure lafiya lau. Na zo ranar Asabar da safe ba tare da na sanar ba, na tarar da Inna zaune da ɗan turmin yaji tsakanin ƙafafunta, tana daka farar ƙwaya da hannun hagu, kaza na tsaye a gabanta tana jira.

Ko kaɗan ba ta ji kunya ba. Ta ce, "Likitarki da bakinta ta ce cikina ba ya riƙewa. Na wannan kuwa yana riƙewa, ke ma kin ga shaida. Ita ta sha, ta yi ƙwai, ni in ci ƙwan. Ina asarar take?"

Ta kuma tuna mini cewa mai ɗori ya riga ya haɗa su, ba a kuma raba su ba, saboda haka duk abin da ya shiga kazar a wajenta yake. Na zauna na yi mata bayani cewa sinadarin a ɓawon yake taruwa, ɓawon da take zubarwa a bola. Ta daina dakan. Na ga maganar ta shige ta, na koma gida ina jin na yi nasara.

Sati na zagayowa ƙanena ya bugo yana tambaya ko na san abin da ya sa kunun gidan ya koma ƙasa-ƙasa. Ya ce ya yi wa matarsa faɗa a kan rashin rege gero, ta yi fushi ba ta yi masa magana. Ashe Inna ce ke tara ɓawon ƙwai, ta ƙona a kasko, ta daka, ta faki ido ta zuba a tukunya. Ta ce tunda abin kirki ne ba za ta ci ita kaɗai ba. Ƙwayar kuwa har lokacin kaza ke sha.

Na koma wajen likitar na kwashe labarin na faɗa mata. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce ba ƙarya ba ne, ɓawon ƙwai yana da sinadarin, amma ba ta ga dalilin da zai sa magani ya bi ta cikin kaza kafin ya iso wajen mai shi ba. Ta ce in gaya wa Inna cikinta bai daina aiki ba, raguwa ya yi, shi ya sa ake ba shi kaɗan-kaɗan tare da abinci. Sulhun da muka cim ma a ƙarshe shi ne, Inna za ta haɗiyi ƙwayarta, kaza kuma a ba ta ɓawon, amma a lokaci ɗaya. Safe da yamma sai a ga su biyun a bakin ƙofa, Inna na riƙe da ƙwaya da moɗar ruwa, ba za ta kai baki ba sai kaza ta fara tsattsaga.

Maganar rana ma da nata salon. Sai ta sha nono, ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta wangame baki, don rana ta shiga ta sami nonon tun bai yi nisa ba. Da aka fahimtar da ita fata ake nufi, sai ta kai labarin ga ƙawayenta tsofaffin unguwa. Hantsi na yi sai su taru a gidanmu, su shimfiɗa tabarmi a jikin garun da rana ke fara bugawa, su naɗe hannun riga su miƙe ƙafafu kamar an shanya barkono. Inna ce mai ba da umarni. In ta ga an ɗan jima sai ta ce a juya, duk su juya. Ƙanena ya koma shiga gidansa da sallama uku. Bafulatanar da ke kawo nono ta daina wucewa kasuwa, a zaurenmu take sauke ƙwarya ta ɗauke ta wayam. Har mai unguwa ya aiko a ji ko wata sabuwar ƙungiya ce ta shigo gari ba a sanar da shi ba.

Likita ta ce a riƙa tafiya, don ƙashi yana son a ɗora masa nauyi. Inna ta yarda da tafiya, ta ƙi sanda. Sanda ta tsofaffi ce. Sai ta ɗauki wata doguwar muciyar tuwon biki tana dogarawa har bakin gona ta dawo. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce aro ta yi za ta mayar wa masu ita.

Hannun ya warke, ko da yake ya ɗan karkace. Tsawon da ya tafi bai dawo ba, likita ma ta ce ba ya dawowa, amma Inna ba ta sake karaya ba. Abin da ya dame mu shi ne kazar. Ta tsufa, ta daina ƙwai, gashin wuyanta ya zube. Ni da ƙanena muka shiga zullumin ranar da za a wayi gari a tarar da ita a miƙe, don ba mu san abin da Inna za ta ɗauka a ranta ba. Ƙanena ya riƙa yi wa kazar allurar kaji a ɓoye, in ya ga shaho yana shawagi ya fito da gudu ba takalmi.

Ana gobe ƙaramar Sallah Inna ta kira shi ta ce ya kawo wuƙa. Ya tsaya yana kallon ta. Ta ce ya yi sauri ya yanka kazar tun ba ta zama mushe ba. Ita da kanta ta fige, ta tsaya a kan matar ƙanena aka yi farfesu, aka bar shi a wuta tun azahar har aka sha ruwa saboda taurin naman. Ta raba mana tsoka, ta ce kowa in ya gama ya turo mata ƙashinsa. Ta jawo kwano gabanta ta shiga taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata a gefe ɗaya. Wanda ya gagari haƙori ta sa a turmi.

Na ce, Inna, ki bi a hankali kar ki ƙware.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ajiyata ce a ciki. Karɓar kayana nake."

Ta cinye tas, ta wanke hannu, ta ce a miƙo mata ƙwayar yamma.