Motocin Gas Biyu, Makulli Ɗaya

Shekarar da ɓarin jikin Malam na hagu ya shanye, ni na koma direban gidanmu. Malam mijina ne. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, kuma bai taɓa barin wani ya riƙe masa sitiyari ba. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya'yana mata sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci a nan Unguwar Dosa, na zauna kan benci ina haɗa baƙi da furfura a kaina. Da na iya karatu na ce saura mota. Na koya a filin makaranta ana yi mini dariya, na karɓi lasisina na ajiye a ƙarƙashin akwati.

Likita ya ce sai an riƙa kai Malam gashin ƙashi asibiti a kai a kai, da sassafe. Tsohuwar motarsa ta riga shi kwanciya. 'Yan'uwansa suka taru a falona, suna shan shayina, suka yanke cewa a mai da shi gidan ƙaninsa a Malali, inda akwai direba da masu ɗaga shi. Na ce ba inda za shi. Ƙanin nasa, wanda yaranmu ke kira Baba Ƙarami, ya ajiye kofi.

"To Hajiya direba, mun ji," in ji shi. "Amma ranar da mota ta mutu miki a titi da Yaya a ciki, ranar zan zo in ɗauke shi, ke kuma ki miƙo makulli."

Na ce na yarda. Malam yana kwance yana jin mu. Bakinsa ya karkace, magana tana yi masa wuya, amma ya daure ya fitar da kalma ɗaya: gas. Duk rayuwarsa motar gas, wato dizal, yake hawa, wai ba ta da ci, kuma ba ta sa shi bin layin fetur.

Ƙaramar mota mai shan gas ba ta da yawa a Kaduna. Biyu aka samo. Ɗaya fara ce, 'yar Kwatano, a wurin wani dillali a Doka, Baba Ƙarami ne ya nemo ta. Ɗayar mai ruwan toka ce, tana Mando a gidan wata mata da mijinta ya rasu, wata ƙawata ta Islamiyya ce ta ba ni labarinta.

Farar na fara gani. Tun kafin in buɗe ƙofa na ɗora tafin hannuna kan bonet, na ji ɗumi. Na yi shekaru da injin niƙa a zaurena, kuma abin da na sani game da injin gas shi ne da safe yake faɗin gaskiya, kafin jikinsa ya yi zafi. Na tambayi dillalin wa ya ta da ita.

"Wanke ta aka yi, Mama, aka ɗan matsar da ita."

"Matsarwa ce ta sa ta zazzaɓi?"

Ya yi dariya, Baba Ƙarami ma ya yi. Ni ban yi ba. Cikinta ƙamshin turaren mota har yana hawa kai, na ce a raina me aka binne a ƙarƙashin wannan ƙamshi.

Amma zan faɗi gaskiyarta. Da na hau titi, motar nan daɗi gare ta. Atomatik ce, ba kuloci, ƙafata ta hagu ta samu hutu. Sitiyarin kamar ana juya faifai, da yatsa biyu ma sai ya bi. Ba ka jin ƙarar inji sai ka kasa kunne. In na taka totur sai ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta zabura. Wannan jim ɗin bai kwanta mini ba, musamman a shataletale, inda 'yan Keke ba sa jiran kowa ya gama tunani. Kujerarta kuma ƙasa-ƙasa take, sai da na miƙa wuya nake hango gaban bonet, kuma duk ramin da muka faɗa sai na ji cikinta ya kusa shafar ƙasa.

Dillalin yana kujerar baya, Baba Ƙarami yana gefena yana ta yabo. "Kin ji ko? Wannan ai ko makaho ya tuƙa ta."

"Shi ya sa ka zaɓa mini ita?"

"Haba Hajiya. Sauƙi nake nema miki."

Man ya yi ƙasa, muka shiga gidan mai. Ina kashe mota mai zuba man ya buɗe tanki, ya zaro bakin famfon fetur. A garin nan duk wanda ya ga ƙaramar mota fetur yake gani, gas na tirela ne da janareto. Ta madubi na hango shi. Na buɗe ƙofa na ce ya tsaya, da muryar da nake kiran yara daga bakin titi. Ya tsaya, ko ɗigo bai zuba ba. Abin da ya dame ni shi ne Baba Ƙarami da dillalin suna zaune suna hira, ko gezau. Na duba murfin tankin, ba rubutu, ba alama. Na tambayi dillalin sau nawa aka shayar da ita fetur tun daga bakin iyaka zuwa nan. Ya rantse ko sau ɗaya. Yaya aka yi ya sani, shi da bai ko waiwaya ba?

Washegari na tafi Mando ni kaɗai a Keke. Mai ruwan tokar tana ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ganye ya rufe gilashinta. Bonet sanyi ƙalau. Wannan ya yi mini, amma sai wani zargin ya taso: motar da ta yi watanni a tsaye, me ya ruɓe a cikinta? Matar ta fito da makulli a ƙulle a bakin zaninta. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, sannan na tambaye ta kai tsaye me ya sa za ta sayar.

"Ban iya tuƙi ba, 'yar'uwa. Kuma kullum na leƙo taga sai in ga kamar yanzu zai fito ya shiga."

Na ji tausayinta, amma tausayi ba ya ta da inji. Ta ce marigayin yakan murɗa makulli rabi, ya jira wata 'yar fitila mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu, sannan ya tayar. Na yi hakan. Batirin ya yi nishi, ya sake nishi, sai ta kama da wani tari, ta watso baƙin hayaƙi kan kajin matar. Ƙararta sak injin niƙana. Na zauna ina sauraro har hayaƙin ya washe, bugun ya daidaita.

Wannan mai giya ce ta hannu. Kulocinta tauri kamar taka dutse, kafin mu fita daga layin gwiwata ta fara ƙorafi. Sitiyarin yana son hannu biyu. Rediyo ya mutu, gilashin baya na dama ba ya sauka. Amma in na taka ta tana amsawa nan take, ba jim. A giya ta biyu tana hawa gargada ba tare da na roƙe ta ba. Kujerar tana da tudu, ina ganin titi har gefen kwata. Da na zagaya na buɗe murfin tanki, sai na ga an rubuta GAS da jan fenti, manyan baƙaƙe, har fentin ya zuba. Na karanta da kaina, ba wanda ya karanta mini. Matar ta ce duk da rubutun, mijinta bai taɓa zama a mota ana zuba masa mai ba.

Na dawo gida da zargi biyu maimakon ɗaya. Farar ta cika kyau, mai tokar ta cika tsufa. Makaniken Malam ya duba su ya ce duk lafiya, amma shi ma na lura a motar Baba Ƙarami ya zo.

Sai na kafa sharaɗi. Na ce kowace mota a kawo ta ta kwana a ƙofar gidana, makulli a hannuna, in tayar da ita da kaina bayan sallar asuba, in kai Malam gashi a cikinta. Dillalin ya ce shi bai taɓa jin an kai mota kwanan gwaji ba. Na ce yau ya ji. Baba Ƙarami ya tsaya masa, aka kawo farar.

Na fito da safe ina da tabbacin za ta tona wa kanta asiri. Na taɓa bonet, sanyi. Na murɗa rabi, na jira fitilar, na tayar. Bugu ɗaya ta kama. Ba tari, ba hayaƙin kirki. Na zagaya bayanta na sunkuya ina shinshina salansa kamar mai neman ɓera. Ba komai. Baba Ƙarami ya iso daidai lokacin, ya same ni a sunkuye.

"Hajiya, in kawo miki tabarma ne?"

Na miƙe na karkaɗe zanina. Muka fito da Malam a kekensa na marasa lafiya. Shiga ba ta yi wuya ba, don faɗawa ya yi cikin kujerar kamar an saki buhu. A asibiti ne magana ta fito. Kujerar ta yi ƙasa, gwiwoyinsa sun fi ƙugunsa tudu, ƙofar ba ta buɗewa sosai. Na ja, na tallafa, na sa kafaɗa, Malam ko motsi. Sai da Baba Ƙarami ya kama shi ta hammata, wani mai gadi ya kama ƙafa, suka zaro shi, hularsa ta faɗi ƙasa, mutane suna kallo. Malam ya rufe ido. Na san wannan rufe idon, shekara da shekaru ina zaune da shi.

"Kin gani ko?" in ji Baba Ƙarami a hankali. "Aikin nan ba na mace ɗaya ba ne."

A nan wani zargin ya shige ni, wanda har yau bai fita ba. Ko ya san da haka ya nemo mota mai kujera a ƙasa? Ban da shaida. Mai yiwuwa atomatik ɗin kawai ya gani, ya tuna da gwiwata. Amma ya faɗi maganar nan da sauri, kamar dama tana bakinsa tana jira.

Ranar gashi ta gaba mai ruwan tokar ce ta kwana. Da safe ta yi tarinta, ta yi hayaƙinta, maƙwabciyata ta rufe taga. Baba Ƙarami ya toshe hanci ya ce wannan ai a kai ta kasuwa ta niƙa masara. A shataletale ta mutu mini sau ɗaya, laifin ƙafata ne, na saki kuloci da wuri. Kafin ya buɗe baki na tayar da ita.

"Wannan ba ta shiga lissafi ba," na ce.

"Ban ce komai ba."

"Na ji abin da ba ka ce ba."

A asibiti na zagayo na buɗe wa Malam ƙofa. Ta buɗe har ƙarshe. Na ce wa Baba Ƙarami ya tsaya inda yake. A saman ƙofar akwai mariƙi, fatarsa ta goge saboda hannun marigayin. Malam ya ɗaga hannunsa na dama mai lafiya ya kama. Ya sauke ƙafar dama ƙasa. Na fito masa da ta hagu, na sa kafaɗata a hammatarsa, na ce bismillah. Ya ja, na tura, sai ga shi tsaye. Ya daɗe yana haki, yana jingine da motar, hularsa a kansa. Sannan ya bugi rufinta sau biyu da tafin hannu, yadda yake yi wa tsohuwar motarsa in sun dawo daga tafiya.

Ita na saya. Baba Ƙarami ya ce na zaɓi wahala da kuɗina, kuma sharaɗinsa yana nan. Na ce nawa ma yana nan: Malam ba inda za shi.

Ban yarda da ita ba har yanzu. Kullum da safe sai na leƙa ƙarƙashinta ko ta yi ɗigo, ina sauraron tarinta kamar na jariri. Na canja batir tun kafin ya nuna gajiya. Gwiwata ta hagu tana kwana da man zafi. A gidan mai kuwa fitowa nake in tsaya, hannuna kan murfin, sai na ga bakin famfon da idona, ko da mai zubawar ya san ni.

Farar, wani ma'aikaci a bayan layinmu ya saye ta. Kullum sai ta wuce ta ƙofar gidana shiru, tana ƙyalli, ba abin da ya same ta. Ina dai kallonta. Baba Ƙarami yakan zo ranar Juma'a ya gai da yayansa a ɗakinsa na kullum, kuma in zai fita sai ya ɗora hannu kan bonet ɗin mai tokar, ya tambaye ni ko ta mutu a hanya wannan makon. Makullin yana ƙulle a bakin zanina.