Ranar Da Kawu Des Ya Kashe Gireda

Kafin rana ta yi zafi za ka ga tsohuwar akori-kurar Kawu Des Tregoning a gefen titi, ƙofa a buɗe, karensa na barci a kan kujera. Shi kuwa yana durƙushe gaban wani allon tagulla da bokiti da tsumma, yana kankare kashin tsuntsaye daga cikin haruffa. Yau allon tsohuwar tashar jirgin ƙasa, gobe na unguwar mahaƙa ma'adinai wadda ba abin da ya rage mata sai tubalin murhu. Gyaran hanya ƙaramar hukumar Nantawilla ta ɗauke shi yi. Kula da allunan tarihi shi ya ɗora wa kansa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Ni da nake tuƙa motar 'yan makaranta ina wuce shi kullum, na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Shekarar da aka zo faɗaɗa hanyar arewa saboda manyan motocin ma'adinai, shi ne a kan gireda, motar baje ƙasa. Ya kai wani fili mai ƙaya bayan tsohuwar rijiya, sai ga Gwaggo Beryl Mirza zaune kan kujerar roba da lema, daidai inda zai bi. Kakanta na cikin masu raƙuma da suka zo daga Balucistan suna kai kaya cikin hamada tun kafin a shimfiɗa dogo. Na tsaya da mota saboda hanya ta toshe, don haka a kunnena aka yi.

"Gwaggo, duk faɗin garin nan ba ki samu wurin shan iska ba sai gaban gireda?"

"Desmond, tun kana yawo ba wando na san ka. Kashe abin nan. Kakana na kwance a nan, shi da abokan tafiyarsa."

Babu dutse, babu alama. Itatuwan da aka kafa a kan kaburburan ambaliya ta kwashe su tun tana yarinya. Shugaban aikin, Trevor, ya iso yana share gumi.

"Des, taswira ba ta nuna kabari ba. Ja mu tafi, aboki."

"To taswirar ta hau ta ja," in ji Kawu Des. Ya kashe inji, ya sauko, ya miƙa wa Gwaggo gorar shayinsa.

An dakatar da shi daga aiki. A lokacin matarsa Noeline na jinya, kuma a mashaya wasu suka riƙa kiransa limamin raƙuma. Da sassafe yakan ɗauko Gwaggo, ya riƙe mata hannu, su bi filin a hankali, domin a wannan lokacin inuwa kan nuna inda ƙasa ta lotsa. Duk inda ta ce nan ne, sai ya ajiye farin dutse. Da duwatsun suka yi yawa, kowa ya ga sun jeru, sun miƙe gefe guda, yadda Musulmi ke kwantar da mamatansu. Hukuma ta turo masu na'urar duba ƙasa, suka tabbatar. Aka karkatar da hanya, aka mayar da shi bakin aiki. Ranar kafa allon tarihi a filin, Trevor da kansa ya zo da shebur ya haƙa ramin, Kawu Des kuwa bai tuna masa da abin da ya wuce ba.

Gwaggo ta faɗi sunayen da take iya tunawa, aka zana. Da sunayen suka ƙare mata, sai idonta ya kawo ruwa. Kawu Des ya ce a ƙara layi ɗaya a ƙasa: da sauran da ba mu san sunayensu ba, amma mun san suna nan. Ta rayu har ta shafa rubutun da yatsunta.

Kawu Des, mamatan nan ba danginka ba ne, ba addininku ɗaya ba, ba wanda zai zarge ka da ka wuce. Kai ne ka yarda da maganar tsohuwa a ranar da ba ta da shaida sai bakinta. Mai tsaron makwancin baƙi, mun gode.

Ku kuma mutanen gari, allunan nan ba su da wani bayan shi sai mu. Kowace unguwa ta ɗauki nata. In tsohuwarku ta ce akwai wani abu a wuri kaza, ku saurare ta tun tana da numfashi.

Makon jiya na tarar da wata babbar mota tsaye a gefen maƙabartar. Direban, wani ɗan Pakistan mai aikin ma'adinai, ya karanta allon, ya ɗaga hannu yana wa mamatan addu'a. Kawu Des na bayansa. Bai san kalma ɗaya daga abin da ake faɗa ba, amma ya cire hularsa, ya tsaya a kan gwiwoyin nan masu ciwo har mutumin ya shafa.