Baba Kar-a-taɓa da Ranar Kashe Goggo

Kullum da safe, kafin ya gaishe da kowa a ofis, Baba Kar-a-taɓa sai ya shiga ɗakin sanyi inda na'urorinmu suke ya gaishe da Goggo. Goggo ba mutum ba ce. Tsohuwar na'ura ce mai tari kamar ɗan taba, ita ke nuna wa saƙonnin intanet na abokan cinikinmu hanyar bi. Zai dafa ta ya ce, "An tashi lafiya?" Sannan ya juyo ya harare mu: "Abin da ke aiki, kar a taɓa." Ka ji asalin sunan.

Wanda bai sani ba ya sani: hoton da ka tura wa budurwarka ba fiffike gare shi ba. Hannu-hannu ake miƙa shi, daga wannan kamfani zuwa wancan. Da aka fito da sabon tsarin miƙawar, mai hana ɓarayi karkatar da hanya, mu matasa muka ce a kunna gobe-goben nan. Baba ya ce, "Ka koyi sabon yare, maƙwabcinka bai koya ba. Da bango za ka yi hira?"

Ai kuwa kowane kamfani cewa yake, "Ku fara, muna bayanku." Baba ya koma kamar mai neman aure, yau yana ofishin wannan, gobe na wancan, ya sha shayin da zai wanke mota. Ya girke sabuwar na'ura gefen Goggo, duka suna aiki, yana kwaso mutane ɗai-ɗai zuwa kan sabuwar. Ya kwaso asibiti, likita bai ko ɗaga kai ba. Baba, kai ne mai canja tayar mota tana gudu!

Ya rantse ba zai yi ritaya ba sai Goggo ta huta, ga gwiwa ta fara yi masa gardama a kan tsani. Aka kwashe kowa, saura gida ɗaya tal da ya ƙi. Gidan wa? Gidan Baba.

Direbanmu shaida ne, shi ya ɗauko sabon akwatin intanet da za a saka a gidan. Baba ya lanƙwasa murya: "Maman yara, ɗan canji ne kaɗan."

Mama ta ce, "Malam, wa ya koya min abin da ke aiki ba a taɓa shi? A wayar nan nake ganin jikata kullum. In fuskarta ta daskare, kai za ka shiga wayar ka yi min rawa?"

Mutumin da ya shawo kan manyan kamfanoni ya fito yana share gumi. Da ƙyar ta yarda a haɗa sabon tsarin da tsohon a kan layinta, bisa sharaɗin ranar kashe Goggo tana wurin.

Ranar, Mama ta zo ofis, ta ja kujera har ɗakin sanyi, ta kira jikar a bidiyo a kan layin gidan Baba, inda aka kai yarinyar takanas.

Ta ce wa Baba, "Bismilla. In ta yanke, a nan za ka dinga kwana da Goggon taka."

Baba ya danna maɓallin kashewa. Tarin Goggo ya ɗauke. Yarinya na ta rera waƙarta. Can Mama ta ɗago: "To ka kashe mana, me kake jira?"

Wallahi na ga hawaye a idon Baba. Shekarun wahalarsa kaf, ladansu ke nan: ba wanda ya ji komai.

Mun gode, Baba. Allah Ya huta gajiya, Ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma masu zumuɗi irina, kafin ku rushe tsohuwar gada, ku tabbata kowa ya ƙetare, har da uwargidanku.

Da za su fita, Mama ta ce tunda yanzu ba shi da aiki, famfon gida na ɗiga.

Baba ya ce, "Ruwa na zuwa?"

"Yana zuwa."

"To kar a taɓa."