Haƙora Uku a Bayan Zoben Kaka

Kakana maƙerin fari ne, wato mai aikin azurfa da tagulla. A zauren gidanmu da ke unguwar Bolewa yake zama, a kan wani tsohon buzu, da ƙaramar uwar maƙerarsa, wato ƙarfen da yake bugu a kai, a gaba da gwangwanayen kayan aiki a gefe. Ya fi shekara arba'in yana yi wa matan Potiskum zobba da 'yan kunne, amma matarsa, kakata, ba ta da zobe ko ɗaya na hannunsa.

Dutse dai tana da shi. Aƙiƙ ne ja mai duhu, kalar shayin da ba a sa wa madara ba, bai kai ƙwallon dabino girma ba. Mahaifiyarta ce ta zo da shi daga Borno. A ƙulle yake cikin ƙyalle, a kwallar da take ajiye turaren wuta, har ƙamshin ya kama shi. Sau uku Baba Tsoho, haka muke kiransa, ya auna yatsarta da zare. Na farko tana amarya, na biyu bayan ta haifi mahaifina, na uku wata shekara da suka ɓata yana neman shiri.

A lokacin da nake ba da labari ina shekara ta biyu a kwaleji, na dawo hutu. Ni mutum ne marar magana. Baƙi kan shigo zauren su gaisa da Baba Tsoho, su sha ruwa, su tafi, ba su lura akwai wani a lungu da littafi ba. Ko takardar cefane aka ce in rubuta sai na ja mata layi da rula. Kaka na kirana mijinta na boko, tana cewa ta yi dace da miji marar surutu amma ta yi asarar mai cefane, don nakan daɗe ina zaɓen tumatir har mai tumatir ya gaji.

Wata safiyar Asabar ta fito zauren da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta kwance ƙyallen, ta ɗora dutsen a kan uwar maƙera.

"Malam, ranar Laraba zan shiga kasuwa. In dutsen nan bai samu gida ba kafin nan, zan kai wa yaronka."

Yaron da take nufi wani mutum ne da Baba Tsoho ya koya wa ƙira. Yanzu yana da furfura a gemu da rumfarsa a kasuwa. In matar maigida ta kai masa aiki, kafin azahar duk maƙeran garin sun ji, kafin la'asar labari ya kai Nangere.

"Shi da na koya wa riƙon awartaki?" in ji Baba Tsoho.

"Shi fa. Na ji ma yana sa tabarau."

Nan ne ta taɓa wurin da ke ciwo. Idon Baba Tsoho ya yi rauni, kowa a gidan ya sani, shi kaɗai ne bai samu labari ba. Tabarau da mahaifina ya sayo masa na cikin gwangwani tare da kusoshi, wai in ya sa ƙasa tasowa take yi. Ya daina karɓar ƙananan ayyuka, yana cewa matan yanzu ba su san abu mai kyau ba.

Da Kaka ta koma ciki ya daɗe yana juya dutsen a tafin hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya dubi lunguna ba, "Ɗan boko, kana nan ko ka zama littafi?"

Na ce ina nan.

Ya buɗe wani gwangwanin madara ya fito da abu biyu. Ɗaya ƙafar zobe ce, wadda ke zagaye yatsa, an gama ta tsaf. Ashe tun awo na uku ya yi ta, ya ɓoye. Ɗayan kuma fallen azurfa ne, bai fi yatsu biyu faɗi ba, wanda ya buga da hannunsa tun kafaɗarsa na da ƙarfi. Abin da ya rage shi ne gidan dutsen. Ya yi mini bayani: akwai gindi, inda dutsen zai zauna, akwai kuma ɗamara, siririn da zai zagaye shi. A saman ɗamarar ake yanka haƙora, a danne su a kan dutsen su riƙe shi. Fallen zai ishi gindi ɗaya da ɗamara ɗaya. Babu na biyu.

Yadda ya saba fitar da zane shi ne ya kara fallen a kan fitila har hayaƙi ya rufe shi, sannan ya zana da allura, layin ya fito fari a cikin baƙi. Ya ce bari ya nuna mini a jikin murfin gwangwani tukuna. Ya kara, ya zana. Layin ya taso daidai, ya kai tsakiya, sai ya karkace ya nufi gabas. Muka dube shi mu biyu.

"Hayaƙin yanzu ba shi da kyau," ya ce.

Na ce haka ne.

"To kai da ake koya wa zane da kuɗin ubanka, me za ka yi?"

Na kwana biyu ina lura da hannunsa, na ga idon ne ya gaji, yatsun ba su gaji ba. Da farce yake gane kaurin ƙarfe. Sai na ce, a hankali, in zana a takarda, mu manna ta a kan azurfar da ƙaro, in bi layin ina huda shi da allura ina ɗan bugawa. In aka wanke takardar za a bar ɗigo-ɗigo a jikin fallen, waɗanda yatsa zai ji ko da ido bai gani ba.

Ya ce, "Ni ina gani. Amma yi hakan, don ka koya."

Ya yagi siririyar takarda ya naɗa ta a jikin dutsen. Inda bakin biyu suka haɗu ya danna farce. Sai kuma ya matsa gaba kaɗan, kamar ƙwayar gero biyu, ya sake dannawa. Ya miƙo mini. "Ga tsawon ɗamara."

Na koma lunguna da takardar da dutsen da akwatin lissafina. Alama biyu na gani, tsawo kuwa ɗaya ake nema. Na naɗa tawa takardar, ta tsaya a alamar farko. Na gwada da zare, alamar farko. Na sake gwadawa bayan sallar azahar, ko zafi ya sa na yi kuskure, alamar farko dai. Sai tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina hannunsa ne ya zame, bai gani ba. In na tambaye shi, na tona abin da duk gidan ke rufa masa. Tambaya kuma dama ba abin da na iya ba ne. Na ɗauki alamar farko, na ji daɗin kaina ƙwarai, ina ganin na yi ladabi kuma na yi ilimi a lokaci guda.

Zanen ya ci mini yini biyu. Na raba tsawon gida ashirin da huɗu, kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa. Na fere fensir ya fi sau goma. Kaka ta leƙo ta gan ni a duƙe, ta ce, "Mijina, wasiƙa kake rubuta wa wata? In ta fi ni kyau ka faɗa mini in tattara kwanukana." Na ce aiki ne. Ta ce ta sani, a gidan nan aiki ba ya ƙarewa, farawa kawai yake yi.

Ranar Litinin da hantsi muka jiƙa ƙaro muka manna takardar. Da ta bushe na bi ta da allura da 'yar guduma. Duk sanda babbar mota ta wuce a titi sai in ɗaga hannu in jira ƙasa ta daina rawa. Baba Tsoho ya ce in haka zan yi, sai dai mu roƙi direbobin garin nan su tafi hutu. Da muka wanke takardar, ɗigogin suka fito a jere. Ya shafa da ɗan yatsa daga wannan baki zuwa wancan, ya sake shafawa. Bai yaba ba, amma ya ce a miƙo masa almakashi, muryarsa kuma ta canza.

Ban taɓa ganin yanka irin wannan ba. Kansa a ɗage, kamar mai sauraren rediyon maƙwabta, farcensa na gaba almakashi na biye. Haƙoran ya fitar da su da magagari, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da safe ya gasa ɗamarar ta yi laushi, ya lanƙwasa ta a jikin dutsen.

Bakin biyu suka ƙi haɗuwa. Tsakaninsu akwai 'yar kafa, kamar ƙwayar gero biyu.

Ya sa farce a kafar. Ya cire ɗamarar, ya sake naɗawa, ya sake sa farce.

"Wace alama ka ɗauka?"

"Ta farko."

"Ta biyun fa, ado na yi maka?"

Na ce na auna sau uku. Na ce na zaci hannunsa ne ya zame. Ban ce ido ba, amma ya ji.

"Wato ka ga tsoho ya yi kuskure, ka rufa masa asiri." Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka. Takardarka ba ta da jiki, ɗan boko. Azurfa na da jiki. In ta lanƙwasa, kaurinta na cin tsawonta. Wannan 'yar tazarar abincinta ne, kai kuma ka hana ta."

Na ce ko a narkar a sake. Ya ce da wace kafaɗar zai sake buga falle kafin gobe, kuma Kaka na jin ƙarar guduma za ta san an yi ɓarna. Na ce ko a sa ɗan faci. Ya dube ni, ko in ce ya dubi inda yake zaton nake, ya ce shekara arba'in tana jira, ba zai ba ta faci ba.

Ya miƙar da ɗamarar a kan uwar maƙera, ya lalubi wuri kusa da baki ɗaya, ya ɗauki ƙaramar masabarsa. Bugu ne marar ƙarfi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ya buga, ya gwada a dutsen, ya gasa, ya sake bugawa. Azurfar na miƙewa kaɗan-kaɗan. Ina kallo haƙorana uku, da na ɓata yini biyu ina daidaitawa, suka baje suka yi faɗi, suka rabu da juna. A gwaji na biyar bakin biyu suka haɗu.

Saura liƙi. Ya ɗora ɗan sinadari a mahaɗar, ya ce, "Wannan kam idonka nake so. Da ka ga ya narke ya bi layin, ka faɗa. Da baki, ba a zuci ba. In ka tsaya ladabi, ɗamarar ce za ta narke."

Na durƙusa kusa da garwashin. Azurfar ta yi ja, sinadarin ya dunƙule, sai ya yi ƙyalli ya kwanta. Na ce, "Cire." Da ƙarfi na faɗa, har akuyar da ke ƙofar zaure ta miƙe. Daga cikin gida Kaka ta ce wane baƙo ne aka yi. Haka muka sake yi wajen gindi da ƙafar zoben, kafin la'asar ya danne haƙoran a kan dutsen, ya goge da toka da tsumma.

Laraba da safe ta fito da mayafinta da jakar kasuwa. Ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu, wai a ba ta dutsenta. Ya ɗora mata zoben a tafi, ya juya yana neman wani abu a cikin gwangwani.

Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta gwada a yatsar da aka auna sau uku, ya tsaya a gaɓa, don yatsar ta ƙara kauri tun shekarar faɗan. Ta mayar da shi ƙaramar yatsa, ya zauna. Sannan ta bi haƙoran da babban yatsa har ta zo baya.

"Waɗannan ukun fa? Sun fi sauran faɗi, ga giɓi a tsakani."

Na buɗe baki zan yi bayani. Baba Tsoho ya riga ni. "Ashirin da ɗaya na mijinki na boko ne. Ukun nawa ne."

"Na gane su," ta ce. "Irin na bakinka ne."

Ta gyara mayafi. Ya tambaye ta, yana ta laluben gwangwaninsa, ko har yanzu kasuwar za ta. Ta ce ƙwarai, kuma ta gaban rumfar yaronsa za ta bi, tana da gaisuwar da za ta yi masa da hannu.

Bayan ta fita ya miƙo mini siririyar takardar nan mai alama biyu, ya ce in sa a littafina tunda a nan nake ajiye abin da na yarda da shi. Tana nan har yanzu a cikin littafin lissafina na shekara ta biyu. Na auna tazarar da rula daga baya, ban dai gaya masa ba.