Wanki Talatin na Uwar Kumfa

Shekara goma sha tara Uwar Kumfa ta yi a ɗakin wanki na asibitin gwamnati, can bayan ɗakin haihuwa. Hannunta ya fi idon tela sanin yadi. Da ta murza gefen zanen gado, za ta faɗa maka wanki nawa ya rage masa a duniya.

Shekarar da aka tsuke bakin aljihu, kwamitin sayayya ya ba wa ɗan kwangilar da ya fi kowa araha aikin zannuwa. Suka iso fari fat, sai sheƙi. Wanki huɗu suka zama rariya, masu jego suka koma kwana a kan ledar katifa. Akanta ya rubuta cewa hannun mai wanki ne ya yi nauyi, in wata ya ƙare a haka za a sallame ta.

"Yaya, ki je ki ba shi haƙuri," in ji Mai Sito, wanda ya girme ta amma yake ce mata Yaya don tsoron bakinta.

"Haƙurin me? Ni na saƙa su? Samfurin da 'yan kwangila uku suka kawo, yana nan?"

"Yana kwali, ko buɗewa ba a yi ba."

"Wato takarda kuka saya. Miƙo min."

Ta ɗinka wa kowane samfur zare mai launi daban, ta riƙa jefa su cikin inji tare da wankin yini. Duk wanda ya tambaya sai ta ce don masu jego take yi. Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma duka gaskiyar ke nan ba. Ɗakin taron kwamiti da ke sama, mai kafet da sanyi, labulensa kawai ta sani, shi ma a wurin wanki. Ta daɗe tana son ta shiga ta ƙofa, a yi shiru, ita ta yi magana.

Ranar taro ta hau bene da baho a ka. Ta shimfiɗa zannuwan a teburi, kowanne ya sha wanki talatin. Mai tsadar ya tsuke, ba zai rufe katifa ba. Na tsakiya ko gezau. Mai arahar kuwa ta ɗaga shi a gaban fuskarta.

"Ranka ya daɗe Akanta, ina hango ka sarai. Ga biro biyu a aljihunka, ɗaya ba murfi."

Babbar nas ta kifa kai a teburi tana dariya. Akanta ya danna na'urar lissafi, ya sake dannawa, ya ga aƙalla sau bakwai za a sayi mai arahar kafin na tsakiya ya gaji.

"Mama, me ya hana ki faɗa tun farko?" in ji shugaban asibiti.

"Wa ya tambaye ni, Likita?"

Aka janye takardar sallama. Aka kuma sa doka: ba sa hannu a kwangilar yadi sai samfur ya bi ta ɗakin wanki.

Yanzu 'yan kwangila kan zagayo ta bayan ɗakin haihuwa, su rusuna su gaishe ta. Wani ya haɗo samfurinsa da atamfa, wai a saka albarka. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya har da addu'a, ta jefa duka biyun cikin inji. A wanki na shida ya aiko a ce ya janye daga neman kwangilar.